Kulocin Yabo da Taɓaryar Hansai

"...da kwana biyu? Ina mutan Ƙarfi? Ina Dorkas, baiwar Allah da ta yi shekara arba'in tana haƙuri da kai?"

"Tana nan lafiya. Ta ce in na tarar kana numfashi in gaishe ka, in kuwa ka riga mu, in mayar mata da gaisuwarta kada a yi asara."

Maitama bakanike ya tuntsire da dariya har ƙuli-ƙulin da yake tauna ya so ya sarƙe shi. Yana zaune a kan benci a bakin garejinsa, bayan kasuwar hatsi ta Funtua, bai kuwa motsa ba. Tunda yake bai taɓa miƙewa don Yabo ba, ba kuma ranar Alhamis ɗin nan zai fara ba.

Uban Maitama da uwar Yabo ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan wata tsohuwa Hansai da ta rasu tun su biyun suna samari. Wan ya musulunta ya dawo Funtua, ƙanwar ta bi 'yan mishan ta zauna Ƙarfi. Wurin ibada ya rabu, taubasantaka ba ta rabu ba. Yanzu kowannensu ya haura sittin, kuma har yau ba a yanke wane ne bawan wani ba, don kowa cewa yake shi ne ubangida.

Yabo ya kashe tsohuwar bas ɗinsa mai shan gas, ya zare mabuɗi ya rataya a wuya da igiyar fata, yadda ya saba shekara talatin da ɗaya. Bai sauko nan take ba. Ya juya wa Maitama baya, ya yi kamar yana gyara bakin wando, ya sa hannu ƙarƙashin gwiwarsa ta hagu ya taimaka mata ta fito. Sannan ya dira yana fara'a.

Saboda mabuɗin nan ya zo. Mako biyu da suka wuce, bas ɗin ta tsaya cak a wani hawa kusa da Bakori, ɗauke da matan zumunta na cocinsu su goma sha takwas, cikin anko, da tulunan kiɗansu. Su suka sauka suka tura. Jibi Asabar kuma za a sake kawo su taro Funtua, kuma Dorkas, matarsa, wadda ita ce shugabarsu, ta gama magana: ya kai motar wurin Maitama. In Maitama ya ce laifin mota ne, a gyara. In ya ce ba na mota ba ne, mabuɗi ya koma hannun ɗansu Saviour. Don haka Yabo ba lafiyar mota ya zo nema ba. Ya zo ne yana roƙon Allah a samu cuta a jikinta, babba, mai suna, wadda za a ciro a nuna wa Dorkas a tafin hannu.

"Miƙo abin da kake ci, bawa. Ubangidanka na tsaye kana ta gurza kamar akuya."

"Ungo, kada a ce ɗan mace ya mutu da yunwa a ƙofata."

Yabo ya gutsura ta gefen bakin da ke da sauran haƙora. "Kai, wannan ya fi ƙarfin gidanku. Sata ka yi?"

"Sadaka aka ba ni. Me kuma ya sami amaryar taka?"

"Kai ka same ta. Sau biyu kana canza mata faifan kuloci, sau biyu tana komawa gidan jiya. Ni dai ban san me ya sa nake dawowa ba. Mutum mai hankali da tuni ya nemi bakanike."

"Ai ka faɗa da bakinka, mai hankali. Gaya min yadda take yi, kada ka ƙara gishiri."

"Gishirin da aka hana ni tun bara? Wata rana lafiya ƙalau, kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Wata rana in ta ɗau kaya ta zo hawa, sai ka taka totur inji ya yi ta kururuwa, ita kuwa ta tsaya tana tunanin duniya. Sai ƙauri ya taso kamar an manta tuwo a wuta."

"Da safe ko da rana?"

"Ba ta ɗaura agogo."

"Farkon tafiya ko in an yi nisa?"

Yabo ya ɗan daɗe yana tauna. "In an yi nisa."

"Giya na shiga?"

"Ta fi abinci saurin shiga bakina."

"Ranar da Saviour ya kai buhunan waken suya Malumfashi fa? Ta yi masa?"

"Wa ya gaya maka Saviour ya kai waken suya?"

"Iska. Ta yi masa ko ba ta yi ba?"

"Saviour bai iya sauraron mota ba. Ko ta yi kuka da hawaye ba zai ji ba."

"Ban tambaye ka kunnensa ba."

"Ba ta yi ba," in ji Yabo, yana duban wani wuri.

Maitama ya miƙe a ƙarshe, amma don mota. Ya duba ɗan tankin man kuloci, cike yake. Ya leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo. Ya durƙusa ya danna fedar kuloci da hannu yana jin inda take fara tauri, ya daɗe yana kallon robar da shi da kansa ya sa mata wata uku da suka wuce. Gefenta na hagu ya suɗe ya yi sumul. Ya miƙe. Ya karɓi mabuɗi ya hau ya tayar da inji, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya saki kuloci a hankali. Motar ta yi tari ɗaya, inji ya mutu.

"Ka gani? Da faifan ya cinye, da inji bai mutu ba, da zai yi ta juyi a banza. Faifan nan ya ɗan sha zafi, amma yana riƙo fiye da yadda kake riƙe alkawari."

"To boris ɗin kulocin ne."

"Na ji muryarsa, ya fara gunaguni, amma ba shi ne ba."

"To giyabos."

"Ɗan mace, tunda nake ban taɓa ganin mai mota yana yi wa motarsa fatan ciwo ba sai kai."

"Ni kuma ban taɓa ganin bakaniken da ba ya son aiki ba. Kwance ta, ka duba ciki, ƙila ka ga wani abu."

"Ni? Ni da na taɓa kwance giyabos na mayar, kusoshi bakwai suka ragu a hannuna, na rasa gidansu? Motar kuma ta fi da gudu, har mai ita ya aiko min da zabuwa. Tun ranar na gane ba ilimina ke tafiyar da motocin garin nan ba, sa'a ce." Ya goge hannu a gaban riga. "Cutar da ke zuwa ta tafi ba a kwance ake kama ta ba. Sai an ba ta abin da take so. Kaya, nisa, hawa. Shitu!"

Shitu dillalin hatsi ne da ke maƙwabtaka da garejin, kuma tun safe yake neman motar da za ta kai wa wani mai gidan kaji masara a Bakori.

"Mata sha takwas," in ji Maitama, "buhu nawa ke nan?"

"Ka ji tsoron Allah, matan coci ne."

"Ai ba zunubinsu zan auna ba, nauyinsu."

"Sa goma."

"Da Dorkas a ciki?"

"Sa sha biyu. In ta ji, kai ka faɗa."

Kafin 'yan dako su fara lodi, Maitama ya jawo wani guntun itace baƙi mai sheƙi daga ƙarƙashin benci ya tokare tayar baya da shi. Yabo ya dafe ƙirji.

"Taɓaryar Hansai! Taɓaryar kakata ka mayar abin tokare taya? Uwata aka bar wa taɓaryar nan, ubanka ya zo zaman makoki ya fita da ita cikin tabarma."

"Uwarka aro ta yi. Ubana gado ya ci. Kuma ai karyayyiya ce, kai ka karya ta ranar da ka ce za ka kashe jaɓa."

"Jaɓar ta mutu?"

"Ta mutu da tsufa, bayan ta yi jikoki."

"Shekara arba'in ina cewa ka ba ni ita in rataya a ɗakina."

"Ka ƙara arba'in, ina jiran ka." Da aka gama lodi Maitama ya zare guntun taɓaryar ya jefa ƙarƙashin kujerar gaba, ya zagaya ya zauna a gefen fasinja, ya miƙo mabuɗi ta taga.

Yabo ya tsaya. "Kai ne likita, kai za ka tuƙa."

"Sau biyu na tuƙa ta, ta yi min ladabi kamar a gaban surukai. Yau so nake in ga yadda take zama da mijinta."

"Na gaji, daga Ƙarfi fa nake."

"Haka nake so."

Suka fita gari. Yabo ya ratsa tsakanin babura da masu keke mai ƙafa uku yana canza giya da gwaninta, har da ɗan yanga, don a gani. Ƙafar tana amsawa. Ya yi wa Ubangiji godiya a zuci, ya kuma ƙara da roƙo, don ya san halinta.

Ga abin da Yabo ya sani, ya kuma ƙi ya sani. Tun damina, in ya daɗe a zaune, ƙafarsa ta hagu takan yi nauyi daga gwiwa zuwa ƙasa, kamar an ba shi ajiyar ƙafar wani. Ba kullum ba. Wata rana ta yi masa biyayya har dare, wata rana tun bai yi rabin hanya ba ta daina jin kira. Dannawa ba ta gagare ta ba, ɗagowa ce aikin. In ya ajiye ta a ƙasa, ba shi da tabbacin za ta taso lokacin da zai buƙace ta. Don haka sai ya bar ta a kan fedar kuloci, a hankali, yadda ake ɗora hannu kan jariri mai barci. Ya kuma gaya wa kansa cewa ƙafa ɗaya ta tsoho ba ta da wani nauyi. Mutumin da ya shekara talatin yana zagin ƙananan direbobi a kan wannan ɗabi'ar.

"Ba ni labarin turin nan," in ji Maitama, yana miƙa masa wani ƙuli-ƙulin daga aljihu. "An ce mutanen Bakori sun fito kallo."

"Sun fito? Har kujeru suka kawo. Mata sha takwas cikin sabon anko, sun ɗaure zani a ƙirji, suna turi suna waƙa murya huɗu. Ni kuma ina zaune a gaba riƙe da sitiyari kamar ango, ina yi wa jama'a murmushi. Wani tsoho ya tambaye ni ko sabon salon wa'azi ne."

"Ka ce masa me?"

"Na ce eh, muna koyar da haƙuri."

"Dorkas ta tura?"

"Ita kaɗai ba ta tura ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofata ta harɗe hannu."

"Tana kallon me?"

"Ina na sani? Ƙasa take kallo."

"Hm," in ji Maitama.

Gonaki suka fara wucewa, an karye masara an bar karan tsaye, dawa kuwa ta sunkuyar da kai. Wajen nan ne ƙafar ta fara yin shiru. Yabo ya ji lokacin, kamar yadda mutum kan ji an kashe rediyo a wani ɗaki. Ya danna kuloci ya sa giya ta huɗu, ya sassauta, ya bar ta nan inda take. Ya ɗaga murya don ya rufe.

"Kai, Alhajin da bai ga Makka ba, yaushe za ka bar wa yara garejin nan? Hannunka har rawa yake."

"Rawar murna ce, ya ga ranar da za a kama ka. Kai kuma dattijon coci, an ce ranar Lahadi ka yi barci a kan mumbari kana tsakiyar sanarwa."

"Addu'a nake."

"Da minshari?"

"Kowa da irin muryar da aka ba shi."

Hawan ya bayyana a gaba. Ba wani tsauni ba ne, ɗan tudu ne da babur ke haye shi bai sani ba. Yabo ya koma giya ta uku ya taka totur. Motar ta kama hawa da nauyin buhu sha biyu, ta kai rabi, sai inji ya fara ɗaga murya, yana ƙara ɗagawa, itatuwan gefen hanya kuwa suna rage gudu. Ƙauri ya shigo.

"Ka ji ko? Ka ji!" Yabo ya ce, da wata irin murna mai ban tausayi. "Ga ta nan ta yi a gabanka!"

Maitama bai kalli komai a gaban mota ba. Ya ture hularsa da yatsa ta faɗi tsakanin kujeru, ya sunkuya ɗauka, ya yi zamansa a can.

"Ɗaga ƙafarka."

"Wace?"

"Ta hagu. Ta dama na ga tana da aikin yi."

"Ai ba ta taɓa komai."

"To ɗaga ta tunda ba ta taɓa komai."

Yabo ya aika mata umarni. Ya sake aikawa. Gumi ya keto masa a goshi. Ƙafar tana nan kwance kan feda, cikin takalminta na roba, kamar ba da ita ake ba.

Maitama ya miƙa hannu ya cafki wandon Yabo a gwiwa ya ɗaga sama, kamar mai ɗaga kaza ta fiffike. Fedar ta taso. Motar ta yi wata girgiza, muryar inji ta sauko ta yi kauri, ta ja buhunanta ta haye tudun ba gardama.

Maitama bai saki wandon ba sai da Yabo ya gangara gefen hanya ƙarƙashin wata ɗorawa, ya taka birki, inji ya mutu da kansa don ba wanda ya danna masa kuloci. Maitama ya sauka ya tokare taya da taɓaryar Hansai, ya zagayo ya tsaya a bakin ƙofar direba. Daidai inda Dorkas ta tsaya, Yabo ya lura.

"Tun yaushe?"

"Me?"

"Yabo."

Rabon da Maitama ya kira sunansa haka, ba bawa ba ɗan mace, tun ranar da aka binne uwar Yabo. Yabo ya dubi sitiyari, inda hannunsa ya cinye fata har ƙarfe ya fito.

"Tun shuka." Ya yi dariya, dariyar ba ta fito daidai ba. "Ka ga ikon Allah. Faifai biyu na sa aka yanka wa baiwar Allah nan, ba ta ci ba ba ta sha ba. Na zage ta a gaban jama'a. Na ce ta tsufa, na ce ta zama kwaraɓaɓɓiya. Ita kuwa ta rufa min asiri, ko sau ɗaya ba ta nuna ni ba."

"Ƙauri dai ta yi."

"Ka ce boris ne, Maitama."

"A'a."

"Ai ka ce ya fara gunaguni. Ba ƙarya za ka yi ba. Ka ciro shi ka ba ni a leda in kai wa Dorkas."

"Gunagunin da yake yi, ƙafarka ce ta kwanta masa wata biyar. Ko ni ne sai na yi."

"Zan bar maka taɓaryar har abada."

"Kyautar abin da ke hannuna? Madalla da karimci." Maitama ya jingina da ƙofa. "Saurara, mata sha takwas ne. Yau a hawa ta ƙi tasowa, mun tsaya mun sha ƙauri. Ran da ta ƙi a gangara, tirela a gabanka? In ka ƙarar da matan zumunta, wa zai yi waƙa ranar da za a binne ka? Ni? Da wannan muryar? Ko mutanenku ba za su tsaya ba."

"In na ba da mabuɗin nan me na zama? Tsohon da ke zama gindin bishiya yana gaya wa kaji yadda ake shiga kwana."

"Yanzu ma ai abin da kake ke nan, sai dai bishiyar na da taya."

Yabo ya miƙa hannu kawai, Maitama ya zuba masa sauran ƙuli-ƙulin. Wannan karon bai jefa baki ba, ya tsaya yana juya shi. Zobe ne, amma inda bakin biyu suka haɗu an danne da babban yatsa sau biyu. Ya kai hanci. Citta da kanumfari. Mace ɗaya ya sani a ƙasar Malumfashi da ke ɓarnar kanumfari a ƙuli-ƙuli, kuma shekara arba'in yana yi mata faɗa a kai.

"Ranar Talata," ya ce a hankali, "Dorkas ta ce za ta zo Funtua sayen zaren ɗinki."

"Ta saya. Na gani. Ja ne."

"Munafuki."

"Na amsa."

"Ashe duk duba man kulocin nan, da leƙen ƙarƙashin mota, wasan kwaikwayo kake min?"

"Wallahi da gaske nake, don ni ma so nake ya zama Dorkas ta yi kuskure. Ka san abin da ya fi ci min rai? Ni, Maitama, da direbobi ke zuwa tun daga Ɗandume in saurari injinsu, sau biyu na sauke giyabos ɗin nan, bayana har yau bai miƙe ba. Sai ga mace da ba ta san inda ake zuba gas ba ta zo ta zauna a bencina ta ce, 'Maitama, ka daina duba ƙarƙashin mota, ka duba ƙarƙashin direba.' Ta ce tun damina take ganin kana ɗaukar ƙafarka da hannu kana cewa wando kake gyarawa. Ta ce ba ta taɓa ganin wandon da ke buƙatar gyara sau goma a yini ba."

Yabo ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suna motsi, shi kansa bai san ko dariya ce ba.

"To me ya hana ta faɗa min?"

"Na tambaye ta. Ta ce in ita ta faɗa, za ka bar cin tuwonta mako guda ka ce ta raina ka. In Saviour ya faɗa, za ka ce gado yake so tun kana raye. In fasto ya faɗa, za ka amsa da ladabi ka fito ka ci gaba. Ta ce mutum ɗaya ne a duniya zai ce maka gurgu ka yi dariya."

"Ba ka ce ba tukuna."

"Gurgu."

Dariyar ta ƙwace wa Yabo. Ya yi ta har da tari, har da hawaye, yana dukan sitiyari, hon ya yi ƙara wasu awaki suka watse. "Allah wadaran wannan zumunci," ya ce yana share ido. "Wato an sayar da ni a kan ƙuli-ƙuli."

"Kwano guda. Na ce ya yi yawa, ba ka kai ba."

Maitama ya je ya sa dutse a bayan taya, ya dawo da guntun taɓaryar. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya tsayar da shi a gefen hagu na fedar kuloci, ya auna da yatsu, ya yi masa alama da farce.

"In mun koma zan yanke nan, in ɗaure shi da kusoshi a ƙasan mota, kansa daidai da tsayin feda. Nan ƙafarka za ta riƙa zama. Ba sai ka ɗaga ta ba, zamewa kawai za ta yi ta danna ta dawo. Ɗora mu gani."

Yabo ya ɗauki ƙafar da hannu biyu, a fili, karo na farko ba tare da ya juya wa kowa baya ba, ya ɗora ta a kan itacen. Kan taɓaryar ya yi santsi da dakan Hansai na shekaru. Ƙafar ta zauna daram.

"Shekara arba'in ina roƙon taɓaryar nan. Ashe jira kake in gurgunce."

"Rabi zan ba ka, kada ka yi ta murna. Kuma ba don jibi ba ne. Jibi Saviour zai tuƙa mata. Wannan na ranar da likita ya ce ka koma ne, in ya ce. In mun sauke masarar Shitu, asibiti za mu, yau ɗin nan, kafin ka sami lokacin ƙirƙiro wata ƙaryar."

"Mabuɗin fa?"

"Wannan na roƙa maka. Na ce wa Dorkas wuyanka ya saba da igiyar, in aka cire kanka zai iya faɗuwa. A wuyanka zai riƙa kwana. Kai za ka miƙa wa yaro da safe, ya dawo maka da shi da yamma, ka zauna a gaba ka yi ta zaginsa a kan kwana. Ta ce ta yarda, da sharaɗin kai da bakinka za ka gaya mata abin da aka gano."

"In ce mata me?"

"Ka ce an kama cutar. Ba a sayar da kayan gyaranta a Funtua."

Yabo ya daɗe yana kallon mabuɗin da ke maƙale a mazauninsa, igiyar fatar na lilo. Ya so ya ji haushi, ya duba cikinsa bai samu ba. Abin da ya tarar wani sauƙi ne, irin na wanda ya sauke buhun da ya daɗe yana cewa ba shi da nauyi. Wannan ma ya ba shi kunya, ya kuma ba shi dariya.

Ya zare mabuɗin. Ya sa hannu ya sauko da ƙafarsa, ya dira, ya dafa kafaɗar Maitama har ƙasa ta tsaya masa. Sannan ya zagaya ta gaban motar yana ɗingishi ba ɓoyo, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta cikinta ba, ya hau ya gyara zama. Ya rungume guntun taɓaryar a cinya, ya cilla wa Maitama mabuɗin.

"Na sallama, ka ci yau. Amma ka lura da abu ɗaya, yau an yanke shari'ar nan tamu."

"Wace?"

"Dubi wanda ke zaune, ka dubi wanda zai tuƙa. Ja mu je, bawa. Kuma ka ɗauke min ƙafarka daga kan kulocina."